Kafin damana ta sauka: a toshe tsagar bango da mastik akirilik

Ga bazara ta kama. Hazo ya ɗauke, iska ta soma juyawa, manomi yana sassabe yana kai taki gona. A irin wannan lokaci ne kakanninmu suke duba gidajensu. Mai soro ya kira magini ya hau bisa, a share indararo, a cike inda ƙasa ta zaizaye, a sake yaɓe bangon gabas. Mai hali ya sa a shafa makuba, wadda ake haɗawa da ɓawon ɗorawa, ko kuwa laso na katsin marina da gashin jima da dafara. Ba wanda yake jira sai ya ga hadari ya haɗo sa'an nan ya aika neman magini.

Tun da masana'antar Malbaza ta fara fitar da siminti a shekarun 1960, gidajen bulo da kwano suka yi ta yawaita a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, har zuwa ƙananan garuruwa. Wannan ci gaba ne. Amma ya zo da wani kuskure, domin mutane da yawa sun ɗauka cewa wanda ya yi ginin siminti ya gama da gyara har abada. Ba haka ba ne. Ginin siminti ma yana tsagewa, kuma Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan ruwa ne ƙadangaren.

Ba mu manta da damanar 2024 ba. Fiye da mutum 300 suka rasa rayukansu a ƙasarmu, ambaliya ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina a ƙarni na 19, ya rushe a watan Satumba, har sai da aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Irin wannan ruwa ya fi ƙarfin ƙaramin gyara, kuma ba za mu ce mastik zai tare shi ba. Maganarmu ta yau a kan ɗan ruwan nan ne da ke shiga bango kaɗan-kaɗan kowace damana, yana raunana gini a ɓoye, har ranar da babban ruwa zai zo ya tarar da shi ba ƙarfi.

Inda ruwa ke shiga

Ku fita bayan ɗakinku da safe ku duba bangon da kyau. Ku duba inda ƙarfen taga ya haɗu da siminti, da kewayen ƙofa, da inda ginshiƙin kankare ya haɗu da bulo, da ƙarƙashin ɗamarar kankare da ke bisa tagogi. Ku duba ramin da aka huda domin bututun ruwa, ko wayar lantarki, ko na'urar sanyaya ɗaki. Duk inda abubuwa biyu daban suka haɗu, a nan ne siririyar tsaga take fara bayyana. Dalili shi ne ƙarfe da katako da siminti ba su miƙewa daidai da juna. In rana ta buge su kowanne ya buɗe gwargwadon halinsa, in dare ya yi sanyi kowanne ya tsuke. Yau da gobe sai mahaɗar ta rabu.

A ƙasarmu hadari daga gabas yake tasowa, da iska mai ƙarfi a gabansa. Ruwan ba ya sauka a tsaye, iska ce take watsa shi a jikin bango, tana tura shi cikin kowace kafa. Shi ya sa bangon gabas ya fi kowanne wahala. Ruwan da ya shiga ta gefen taga ba ya tsayawa nan. Yana gangarawa cikin ramukan bulo, ya jiƙa shafen ciki, fenti ya kumbura ya ɓare, bango ya yi baƙi da fumfuna. Ƙarfen taga ya ci tsatsa daga gindi. Katakon da ya sha laima ya kira gara. Mafi muni kuwa, in ruwa ya kai ga ƙarfen da ke cikin kankare, ƙarfen zai yi tsatsa, tsatsa kuma kumbura take yi, sai ta fasa kankaren daga ciki. Tsagar da allura ce kawai ke shiga bara, baɗi yatsa ya shiga.

Yawancinmu in mun ga irin wannan tsaga sai mu kwaɓa ɗan siminti mu liƙa. Bayan ƴan watanni ta sake buɗewa a wurinta na da. Ba laifin magini ba ne. Siminti in ya bushe ba ya miƙewa, mahaɗar kuwa ba ta daina motsi ba. Abin da wurin yake bukata shi ne wani abu mai danƙo, wanda zai kama gefen nan da gefen can, ya bi su in sun buɗe, ya bi su in sun tsuke. Aikin mastik ke nan.

Mene ne mastik akirilik?

Mastik wani kwaɓi ne mai kauri kamar man goge haƙori, ana sayar da shi cikin kwanson roba mai tsinin baki, wanda ke cin wajen mililitir 300. Ana sa kwanson cikin wani ƙarfen matsawa mai kama da ƴar bindiga, a riƙa danna kunamarsa, kwaɓin yana fitowa kamar zare. Mastik iri-iri ne. Akwai silikon, akwai poliyuretan, akwai akirilik. A kantin kayan gini duk kwansonsu kama ɗaya ne, amma halinsu ya bambanta ƙwarai, kuma wanda bai san bambancin ba kuɗinsa yake zubarwa.

Akirilik dangin roba ne da ake haɗawa a masana'anta. Wani masanin haɗa sinadarai na ƙasar Jamus, Otto Röhm, shi ne ya yi bincike a kansa tun 1901, kuma a shekarun 1950 aka fara yin fentin ruwa da shi a Amurka. Mastik akirilik ɗan uwan wannan fentin ne. A cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyin roba suna yawo cikin ruwa, tare da garin alli mai ba shi jiki. In an zuba shi a tsaga, ruwan ya bi iska ya tafi, ƙwayoyin su matso su manne da juna, su zama abu guda mai ɗan taushi.

Duk wanda ya riƙe wannan bayani ya san rabin aikin, domin daga nan ne amfaninsa da rauninsa suka fito. Da yake na ruwa ne, ba shi da wari mai hawa kai, ana wanke hannu da kayan aiki da ruwa kawai, yana kama siminti da bulo da katako sosai, kuma fenti yana zama a kansa. Silikon kuwa fenti ba ya kama shi ko kaɗan. Ga shi kuma akirilik ya fi sauran araha. Amma da yake na ruwa ne, in ruwan sama ya same shi kafin ya bushe, narkewa zai yi ya bi bango. In ya bushe yana ɗan shanyewa ya ragu. Ba ya jure zama cikin ruwa kullum. Miƙewarsa kuma ba ta da yawa.

Bazarar Turai da bazararmu

A Faransa da Jamus da sauran ƙasashen sanyi, magina suna cewa toshe mahaɗar bango ta waje aikin bazara ne, wato daga Maris zuwa Mayu. Suna da dalilai uku. Na farko, lokacin sanyinsu ruwa daskarewa yake yi, mastik mai ruwa a ciki kuwa ba a aiki da shi in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5. Na biyu, ƙanƙara tana faɗaɗa tsaga, saboda haka in ta wuce ne ake ganin ɓarnar da ta yi. Na uku, a watannin nan yanayinsu yana tsaka-tsaki, ba zafi ba sanyi, mahaɗar ma tana tsaka-tsaki, ba ta buɗe duka ba, ba ta tsuke duka ba. Mastik ɗin da aka zuba a lokacin ba zai sha ja mai yawa ba, ba zai sha matsi mai yawa ba.

To, a nan ne ya kamata mu yi hankali. Abin da suke kira bazara sunan ne kawai ya zo ɗaya da tamu. A watan Afrilu zafin rana a Yamai yakan wuce digiri 40 a inuwa, ƙarfen da rana ta buga kuwa yakan wuce digiri 60, hannu ba ya iya taɓa shi. Masu yin mastik suna rubuta iyakar zafin aiki a jikin kwanso, galibi tsakanin digiri 30 da 40. Wanda ya zuba shi da azahar a bangon da ya gasu, saman zai ƙafe nan take ya yi ɓawo, cikin yana ɗanye, sai ya tsattsage ko ya kumburo. Ban da haka, da tsakar rana ƙarfe ya miƙe iyakar miƙewarsa, mahaɗar ta tsuke. In aka cike ta a wannan hali, ranar da ɗari ya zo a Disamba da Janairu, sanyin dare ya sauka ƙasa da digiri 15 a Maraɗi da Damagaram, ƙarfen zai ja baya ya yage mastik ɗin daga bango.

Saboda haka dalilin Turawa za mu ɗauka, mu nemi lokacin da ya cika shi a wurinmu. Muna son bango busasshe, iska marar ƙura, zafi matsakaici, da kwanaki masu yawa ba ruwan sama. Lokacin ɗari bango ya bushe, amma hazo yana ɓata aiki, domin ƙura tana hana mastik kamawa, kuma tana manne wa ɗanyensa. Lokacin damana ba a ma magana. Abin da ya rage shi ne daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, bayan hazo ya lafa, kafin hadarin farko. A cikin waɗannan watanni ma aikin na safiya ne, daga fitowar rana zuwa hantsi, kuma a bi inuwa. Bangon yamma yana da inuwa da safe. Bangon gabas, wanda ya fi bukatar gyara, shi rana ke fara bugawa, don haka a yi shi da sassafe ƙwarai, ko a kafa masa zana ko tabarma ta kare shi. Wanda bazara ta wuce shi, ya jira kaka, wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, in bango ya gama bushewa. Wannan ma lokaci ne mai kyau, sai dai an riga an sha ruwan shekara guda.

Mai wannan rubutu ya taɓa ganin sakamakon jinkiri da idonsa. Wani maigida ya yi ta cewa gobe, gobe, har watan Yuni ya shigo. Ran da ya sa aka toshe tagoginsa huɗu da la'asar, a daren nan hadari ya taso. Da gari ya waye sai ga farin zane yana gangarowa daga kowace taga har ƙasa, tsagar kuwa tana nan a buɗe. Ya biya kuɗin kaya, ya biya lada, ya kuma biya mai wanke bango. Ko a Maris da Afrilu ma a dubi sama kafin a fara, domin wata shekara akan sami ɗan yayyafin da ake kira ruwan mangwaro.

Inda ya dace da inda bai dace ba

A jikin kwanso mai kyau akan rubuta wata lamba, 7,5 ko 12,5. Ma'anarta ita ce yawan miƙewar da mastik ɗin zai iya jurewa, kashi 7 da rabi ko kashi 12 da rabi cikin 100 na faɗin mahaɗar. Silikon da poliyuretan sukan kai kashi 25. Mu yi lissafi. Mahaɗa mai faɗin milimetir 10, in an cike ta da akirilik mai lamba 12,5, za ta jure motsin milimetir ɗaya da kwata. Mai faɗin milimetir 5 kuwa rabin wannan kawai za ta jure. Ke nan siririn zare ya fi saurin yagewa a kan mai ɗan faɗi, akasin yadda mutane suke zato.

Yanzu mu dubi ƙarfe. Ƙarfe mai tsawon metir ɗaya, in zafinsa ya ƙaru da digiri 40, yana ƙara tsawo da wajen rabin milimetir. Alminiyom yana ninka wannan kusan sau biyu. Fallen kwano mai metir 6, tsakanin sanyin asuba da zafin azahar, yakan yi motsin da ya wuce milimetir 3. Daga nan za ku gane cewa akirilik ya isa kewayen tagar ƙarfe irin wadda masu walda suke yi mana, ya isa ƙofar katako, ya isa siririyar tsagar shafen siminti wadda ta daina ƙaruwa, ya isa mahaɗar bulo da ginshiƙi, ya isa bakin ramin waya. Amma babbar tagar alminiyom da rana ke bugawa ta fi son silikon ko poliyuretan.

Akwai wuraren da ba a kai shi ko kusa. Ba a toshe yoyon kwanon rufi da shi. Ba a sa shi a indararo, ko tankin ruwa, ko makewayi, ko daɓen da ruwa ke kwanciya, ko gindin bangon da ke taɓa ƙasa. Ba a riƙe gilashin taga da shi. Ba ya kama kwalta, ba ya kama tsohon silikon. A manyan gine-gine, irin su dogon jerin azuzuwa ko asibiti, za ku ga wata rabuwa madaidaiciya daga sama har ƙasa wadda injiniya ya bari da gangan domin ginin ya sami wurin motsi. Wannan ma ta fi ƙarfin akirilik.

Masu ginin ƙasa kuma kada su ɓata kuɗinsu. Mastik ba ya kama bangon ƙasa, domin fuskar bangon marmashewa take yi, in ya ja sai ya taho da ita. Maganin ginin ƙasa shi ne ƙasa, wato yaɓe kowace shekara kamar yadda aka gada.

Sa'an nan akwai tsagar da ke nuna ciwo mai zurfi. In ta wuce faɗin milimetir 2 kuma tana ƙaruwa, ko ta bi layin bulo tana hawa kamar matakala, ko ta ratsa bango har ana ganinta daga ciki, ko ƙofa ta fara cijewa, to tushen ginin ne yake motsi. Ga hanyar ganewa mai sauƙi. A liƙa ɗan kwaɓin siminti siriri a gicciye bisa tsagar, a rubuta kwanan wata a gefe. In bayan ƴan makonni ya rabe, tsagar tana da rai. A nemi ƙwararren magini ko injiniya. Wanda ya rufe irin wannan da mastik ya shafa fenti, ya ɓoye wa kansa gargaɗi ne, iyalinsa kuma suna kwana a ƙarƙashi.

In kun je kanti

Akirilik iri biyu ne, na cikin ɗaki da na waje. Na ciki ya fi araha, ya fi yawan alli, rana da ruwa suna cinye shi da wuri. Ku karanta jikin kwanson, ko ku sa a karanta muku. Ku nemi kalmar Faransanci acrylique, tare da extérieur ko façade. Kayan da suka fito daga Turai sukan ɗauki alamar EXT-INT, wato na waje da ciki. In INT kaɗai aka rubuta, na cikin ɗaki ne. Ku nemi lambar 12,5 in akwai.

Ku duba kwanan wata. Mastik yana da wa'adi, galibi shekara ɗaya zuwa biyu daga ranar da aka yi shi, kuma zafi yana rage wannan wa'adi. Kwanson da aka shanya a rana bakin kasuwa, wanda rubutunsa ya koɗe, ku bar shi ko da an karya kuɗinsa. Araha ba ta ado. In kun saya ku ajiye shi a ɗaki mai inuwa, kada a bar shi cikin mota.

Ga yadda za ku san yawan da za ku saya. Ku auna faɗin mahaɗar da zurfinta da milimetir, ku ninka su, ku raba 300 da abin da ya fito. Amsar ita ce yawan metir da kwanso ɗaya zai yi. Faɗi 5 zurfi 5 ya ba da 25, kwanso ɗaya zai yi metir 12. Faɗi 10 zurfi 6 ya ba da 60, kwanso ɗaya zai yi metir 5. Tagar da ke da metir 1,20 a kowane gefe, kewayenta ya kusa metir 5. Ajin makaranta mai taga huɗu da ƙofa ɗaya yana da wajen metir 25. In mahaɗar siririya ce kwanso 3 sun isa, in mai faɗi ce a sayi 6 domin abin da zai zube.

Yadda ake aikin

Na farko, a buɗe tsagar. Wannan yana ba mutane mamaki, amma dole ne. A sa bakin wuƙa ko kurfi a faɗaɗa ta har ta kai wajen milimetir 5, a kankare duk abin da ke marmashewa, da tsohon fenti mai ɓarewa, da tsohon mastik. Wanda ya shafa mastik bisa tsaga kamar yana shafa mai, ba abin da ya toshe.

Na biyu, a share ƙura sarai da buroshi, a goge da ɗanyen tsumma. Yawancin aikin da ya lalace a ƙasarmu ƙura ce ta lalata shi. In akwai maiƙo a jikin ƙarfe a wanke shi. In ƙarfen ya yi tsatsa a goge ta, a shafa jan fentin nan mai hana tsatsa, a bari ya bushe, domin ruwan da ke cikin akirilik yana sa ƙarfen da ba fenti ya yi tsatsa.

Na uku, a shayar da bangon. Busasshen siminti na bazara yana da ƙishirwa, yana tsotse ruwan mastik kafin ya kama. A dama ɗan mastik cikin ruwa ya yi kamar madara, a shafa a gefunan tsagar da ƙaramin buroshi, a jira ya sha iska. Laima kaɗan ba ta ɓata akirilik, amma kada ruwa ya kwanta a wurin.

Na huɗu, in ramin yana da zurfi kada a cika shi duka da mastik. Mai kauri da yawa ba ya bushewa da kyau, kuma shanyewarsa tana yawa. A tura igiyar soso a ciki, irin wadda ake sayarwa domin wannan aiki, a bar zurfin milimetir 5 zuwa 10 a sama. Igiyar tana da wani amfani kuma. Mastik gefe biyu ake so ya kama, dama da hagu. In ya manne har da gindin ramin, ba shi da wurin miƙewa, sai ya yage. Ramin da ya wuce faɗin santimetir 2 kuwa a fara rage shi da siminti, a bari ya bushe sosai.

Na biyar, a yanke bakin kwanson a karkace, daidai faɗin mahaɗar. A ɗora shi a kai, a riƙa matsawa a hankali ana tafiya ba tsayawa, kwaɓin yana shiga ciki yana cika ramin. Mai son aiki mai tsabta ya manna takardar masu fenti a gefe da gefe kafin ya fara, ya cire ta tun mastik yana ɗanye.

Na shida, a lallaɓe shi nan da nan. A jiƙa yatsa ko bayan cokali da ruwa, a bi kansa sau ɗaya ana dannawa, domin ya kama gefunan. A zafinmu ba ya wuce ƴan mintoci ya fara ɓawo, don haka a yi metir ɗaya a lallaɓe, sa'an nan a ci gaba. A ƙasan taga a karkata shi yadda ruwa zai gangara waje. In tagar tana da ƴan ramukan fitar ruwa a gindinta, kada a toshe su.

Na bakwai, a ba shi lokaci. Saman yana bushewa cikin ƙasa da sa'a guda, amma cikin yana ɗaukar kwanaki, mai kauri har mako ko fiye. Aƙalla kwana ɗaya cur kada ruwa ya taɓa shi, kuma a hana yara tsokanarsa da tsinke. In ya shanye ya yi kwari, a ƙara wani a kai.

Na takwas, a shafa fenti, kuma wannan ba don ado ba ne. Fentin waje shi ne rigar akirilik, yana kare shi daga rana da ruwa da ƙura. A jira ya bushe har ciki tukuna, in ba haka ba fentin zai tsattsage. Farin fenti ko mai haske ya fi, domin ba ya ɗaukar zafi kamar baƙi.

Wanda zai hau tsani ya sa wani ya riƙe masa, ya kuma kula da wayar lantarki da ke shiga gida ta saman bango. Kwanson da ya ƙare kada a jefa shi a wuta, kada a ba yara su yi wasa da shi.

Kira ga masu riƙe da kayan jama'a

Wannan magana ta shafi magadan gari, da shugabannin makarantu, da manyan gidajen likita, da kwamitocin iyayen yara, da duk wanda aka danƙa wa ginin hukuma. Azuzuwa da ɗakunan shan magani da rumbunan tsimi da kuɗin talaka aka gina su. Sau da yawa muna iya samun kuɗin sabon gini, amma na ƙaramin gyara sai a ce babu. A ƙarshe ajin da kwanso 3 da gwangwanin fenti za su tsare shi, sai ya ci buhunan siminti da sababbin tagogi, littattafai da magunguna kuma sun riga sun jiƙe.

Abin da ya kamata shi ne kowace shekara, da hazo ya ɗauke, shugaban wuri ya zaga gininsa da takarda da alƙalami. Ya rubuta tagar da ta rabu da bango, da tsagar da ta tsaya, da wadda ke ƙaruwa. Ƙananan a toshe su a ranakun hutu na Maris da Afrilu. Kada a ce sai babban hutu, domin babban hutu cikin damana yake faɗawa. Manyan a kai rahotonsu ga ma'aikatar da ke kula da gine-gine tun da wuri. Wanda ya ba da kwangila kuma ya rubuta irin mastik ɗin da yake so a takarda, ya ga kwanson da idonsa kafin a zuba, domin in fenti ya rufe ba mai iya bambanta na ciki da na waje sai damana ta tona.

Matasanmu da suka koyi gini da fenti su ma ga wata ƙofar samu. Kayan aikin ba su da tsada, koyonsa ba ya wuce ƴan kwanaki, kuma wanda ya yi wa mutum ɗaya aiki mai kyau a unguwa, maƙwabta za su neme shi.

A tuna kuma cewa mastik ba na har abada ba ne. Rana irin tamu tana tsufar da kowace roba. Kowace bazara a sake dubawa, a danna da yatsa, inda ya taurare ko ya saki gefe a cire a sabunta. Haka kakanninmu suke yi da yaɓe, kuma gidajensu da yawa sun ga jikoki. Kayan aiki ne suka sake, amma bango yana nan yana son mai dubansa kafin hadari. Allah ya kai mu damana lafiya, ya ba mu ruwa mai albarka.